Rigunan Gwaggo Tumba a Maraɗi

Tun da munka dawo daga Maraɗi ban samu na sha shayi cikin natsuwa ba. In na zauna teburin mai shayi, sai a ce, "Koci, ba mu labari." In na fito masallaci, a tare ni bakin ƙofa. Har Malam Hasan na sashen lissafi, wanda bai taɓa taka filin ƙwallo ba sai in zai yanke hanya, ya biyo ni ofis shina tambaya ko gaskiya ne ɗalibanmu sun dawo sanye da rigunan wasu. To, gaskiya ne. Na gaji da faɗi guntu-guntu kowa na ƙara nasa gishirin, shi ya sa na zauna in rubuta shi tun daga tushe. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa mishi takarda.

Ni ne malamin wasanni a wata ƙaramar kwalejin horar da malamai da ke Isa. Ran da takardar gayyata ta zo daga wata kwaleji a Maraɗi, wai gasar ƙwallon ƙafa ta zumunci tsakanin kwalejoji huɗu kuma mu kaɗai ne daga wanga ɓangare na iyaka, sau uku na karanta ta a tsaye. Shekara tara ina horar da ɗalibai, ba mu taɓa wuce Sakkwato ba. Na yi murna har na manta da babur ɗina a makaranta, na taka zuwa gida.

Murnar ba ta kwana ba, don na tuna da rigunanmu. Da can kore ne, yanzu ban san sunan launinsu ba. Lambobin baya da alƙalami munka zana su, kuma muna da lamba bakwai har guda biyu. Shugaban kwaleji ya ce zai ba da mota da mai da abinci, amma zancen riga in nemi wanda zai ɗauki nauyi. Na zagaya 'yan kasuwa uku tsakanin Isa da Sabon Birni. Na farko ya yi mini addu'a mai tsawo. Na biyu ya ba ni goro. Na uku ya ce in dawo bayan kaka, alhali gasar saura mako biyar.

Ina cikin wannan haushi na biya in gaida Gwaggo Tumba, yayar mahaifina. Ita da wasu mata sun baro Gatawa tun lokacin da zama can ya gagara, sunka samu wani gida bayan kasuwar Sabon Birni, suna matsar man gyaɗa suna tuyar ƙuli-ƙuli. Na iske ta tana murza tunkuza, na zauna kan turmi ina ta zuba mata ƙorafi, ba don ina sa ran komi ba.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Su masu ba da rigar, mi suke samu?"

Na ce ana buga sunansu a ƙirji, duk wanda ya zo kallo ya karanta.

Ta ce, "Wato ƙato na gudu, sunanka na gudu tare da shi."

Na ce haka ne. Ta ci gaba da murzarta, ni kuma na ci ƙuli biyu na tafi.

Bayan kwana biyu ta aika in zo. Na iske matan gidan zaune kan tabarmi kamar ana ɗaurin aure. Ashe sun yi shawara, adashen da sunka daɗe suna tarawa don sayen injin markaɗe, shi za su zuba a riguna. Na ce, "Gwaggo, wannan ba ƙaramar magana ba ce." Ta ce ta sani, shi ya sa akwai sharaɗi, in buɗe kunnena. Riguna goma sha takwas, ruwan ɗorawa kamar man da suke matsa. A ƙirji a rubuta "Ƙulin Matan Gatawa, Sabon Birni". Rigunan nasu ne, aro za su ba mu. In mun dawo in kawo su goma sha takwas cif, su wanke da hannunsu su adana har wata gasa. "In ɗaya ta ɓace, Sanusi, kada ka shigo gidan nan da labari." Ta sa Inna Hajo, mahaifiyar Bashiru kyaftin ɗinmu, ta zama shaida. Ba takarda, ba sa hannu, amma na fi jin tsoron wagga yarjejeniya bisa duk wadda na taɓa sa wa hannu.

Wuri ɗaya munka yi gardama. Mai buga rubutu a Sakkwato ya ce suna ba lambar waya aikin banza ne, kuma wayar Gwaggo ce kaɗai a gidan. Ta ce, "Lambata a ƙirjin ƙattai, kowa na karantawa?" Na san dalilinta. Shekarar da anka ɗauke wani ƙanenta a gona, ta waccan wayar anka riƙa kiranta, har sai da anka sayar da gonar kafin ya dawo. Tun daga nan ba ta amsa lambar da ba ta sani ba. Na lallashe ta, na ce ba komi, ado ne kawai. Ta yarda da ƙyar, ni kuma ban sake tunawa da maganar ba.

Ran da na buɗe buhun rigunan a filin makaranta, ɗalibai sunka yi ta shafa yadin suna murna, har sai da wani ya karanta ƙirjin da ƙarfi. Dariya ta ɓarke. Bashiru kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso ya ce, "Koci, a Maraɗi 'yan ƙuli za a ce mana." Raina ya ɓaci, na ce mishi da ƙulin anka biya mishi kuɗin makaranta shekara uku, in shina jin kunya ya ajiye rigar akwai mai so. Ya ɗauka ya tafi. Ina da saurin fushi, kowa ya sani, amma ran nan ban yi nadama ba.

Mun bar Isa ranar Laraba, bayan rana ta ɗaga. Wanda ya san hanyarmu ya san ba a sammako, ana jiran motocin kasuwa su haɗu a tafi tare. Direbanmu Ɗan Jumma ne, mai magana da bas ɗinsa kamar tsohuwar matarsa. In ta yi tari ya ce, "Haba Hajiya, gaban baƙi?" Buhun riguna kuwa bisa cinyata yake, na ƙi yarda a ɗaure shi a sama.

A Sabon Birni matan gidan sunka fito bakin titi. Sun kawo mana guzurin ƙuli buhu guda, mai yaji da marar yaji. Gwaggo ta sa na kwance buhun riguna ta sake ƙirgawa a gaban jama'a, tana lasar yatsa tana ɗaga kowace. Inna Hajo ta leƙa ta taga tana neman ɗanta, shi kuwa ya duƙa wai shina ɗaure takalmi. Na gan shi sarai.

Daga nan zuwa iyaka rairayi ne. A wani busasshen rafi Hajiya ta kafe har cibiya, sai ga 'yan ƙwallo goma sha takwas sun sauka suna turi, Ɗan Jumma na ba ta haƙuri ta taga. Da ta fizge, golanmu ya faɗi rub da ciki, takalminsa ɗaya ya nutse cikin rairayin. Minti ashirin muna tono kamar masu haƙar gyaɗa. Wasu mata masu ɗauke da itace sunka tsaya suna kallo, ɗaya ta tambaya ko zinariya ce ta faɗi.

A iyaka an duba takardunmu ɗaya bayan ɗaya, ba wata wahala. Sai wani jandarma dogo, Bazabarme, ya kalli tsagar da ke kumatuna ya yi murmushi. Ya ce, "Bagobiri, wa ya ba ka izinin fita ba ka gaya wa ubangidanka ba?" Can wasan taubasantaka tsakanin Gobirawa da Zabarmawa da ƙarfinsa yake, har cikin kaki. Na ce na zo duba yadda bayina suke tsaron ƙofa ne. Ya yi dariya, ya ce in buɗe buhun da nake rungume da shi kamar jariri. Ya ɗaga riga ɗaya, ya karanta a hankali da irin Hausarsa mai tsalle-tsalle, sannan ya ce, "To ga talla, ina hajar?" Munka ɗebo mishi ƙuli. Ya ci ɗaya, ya ci na biyu, sai ya ciro alƙalami ya kwafe lambar a tafin hannunsa. Ya ce matarsa na da tebur a bakin bariki. Na ji daɗi, amma hankalina na kan ya mayar mini da rigar, kuma sai da na ga ta koma buhu na numfasa.

A Gidan Runji munka yi azahar munka ci abinci. Nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa da tauri har ya kankare mini dasashi. Ɗalibai sunka riƙa takobi da shi sai da na daka musu tsawa. A Tibiri kuwa kamar gida munka sauka, tsaga irin tamu, magana irin tamu. Wani dattijo da ya ji daga inda muke ya riƙe hannuna shina tambayar Alkalawa, ko har yanzu ana noma kusa da kufai, don kakansa daga can ya taso. Bai sake ni ba sai da ya sa anka kawo mana fura a ƙwarya, mai sanyi, da nono har ya yi yawa.

Mun shiga Maraɗi da la'asar. An sauke mu a ɗakin kwanan ɗalibai, gadajen ƙarfe masu hawa biyu, kuma golanmu, wanda bai taɓa kwana sama da tabarma ba, ya roƙi a bar shi a ƙasa. Abubuwa da dama sun ba ni mamaki. Malami "mushe" suke ce mishi, ƙwallo "balo", rigar wasa kuma "mayo". Da tsakar rana gari ke mutuwa, a rufe ofis a rufe shago kowa ya kwanta, sai la'asar a farfaɗo. Mu da munka saba atisaye ƙarfe biyu na rana, kallon mahaukata sunka yi mana. Shayinsu kuma ba irin namu na kofi cike da madara ba ne, ɗan ƙaramin gilashi ne, zagaye uku, na farko ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Na ɗauka guda ne, na tashi bayan na farko, sai anka ce mini ai ba a tashi sai an sha na uku.

Mai masaukina shi ne kocinsu, Mushe Isufu, mutum mai sanyin magana. Ya kai ni ɗakin ajiyar kayan wasansu, na tsaya a ƙofa na kasa shiga. Riguna kala uku, takalma cikin kwalaye, safa, jakunkuna, har da rigunan sanyi. Ya ce wani kamfanin sayar da kayan wasanni ne ya ɗauki nauyinsu, kowace shekara ya sake musu sabbi. Na ce, "Mushe, kun ji daɗi." Ya ce da daɗin da kuma igiyarsa. Ba ɗan wasan da ya isa ya shiga fili da tambarin wani kamfani, ko a safa. Shi kansa hularsa ta gida ba ya sa ta ranar wasa. Akwai ɗan bayansu da takalmin kamfanin ke matse wa yatsa, shina sa nasa na da, amma sai an liƙe tambarin da filasta. Bayan kowane wasa sai an aika hoto. Ya ce ya ji a manyan ƙasashe jami'o'i na ƙulla irin wagga yarjejeniya ta shekaru masu yawa, a kan dukiyar da za ta gina kwaleji irin tamu. Sannan ya tambaye ni wane kamfani ne namu. Na ce na gwaggona ne. Ya ɗauka wasa nake, sai da na nuna mishi rigar.

Wasanmu na farko da wata kwaleji daga Tawa ne. Muna jeruwa za mu shiga fili, na hangi farin abu a ƙirjin Bashiru. Filasta ya liƙa, ya rufe rubutun ɗungum. Ashe shi ma ya ji labarin ɗan bayan nan, ya ɗauko dabara. Ban tsaya magana ba, na sa hannu na fizge ta, na ce, "In ka ga dama ka kai ni ƙara wurin Inna Hajo." Ya shiga fili fuska a murtuke.

Mai sharhi da lasifika ya gwada faɗin sunan kwalejinmu sau biyu, ya ga tsawonsa zai cinye mishi wasa, sai ya koma ga abin da ke rubuce a ƙirji. "Ga 'yan Ƙulin Gatawa sun ɗauko balo." 'Yan kallo sunka fashe da dariya, ni kuma na ji kamar in nutse. Sun ci mu ɗaya tun kafin hutu. Bayan hutu Bashiru, da haushinsa da komi, ya yanke mutum biyu ya narka ta a raga. Sai na ji wani ɓangare na fili ya ɗauka, "Ƙuli, ƙuli, ƙuli." Ba tsokana ba ce yanzu, goyon baya ne. Na ce wa Ɗan Jumma ya ɗauko buhun guzurinmu ya bi layin 'yan kallo. Kafin ya dawo buhun ya yi rabi, fili duka na tauna ana kiran sunan. Saura minti biyar Bashiru ya ƙara ta biyu da ka. Ya ruga wajen 'yan kallo, ya kama ƙirjin rigar da hannu biyu ya ɗaga musu rubutun. Ni da nake da shekara arba'in da shida na yi tsalle har hulata ta faɗi, kuma ban san wanda ya tsince ta ba.

Washegari duk inda munka bi cikin gari sai a ce ga 'yan ƙuli nan. Masu kabu-kabu na yi mana oda. Bashiru da kansa ya wanke rigarsa ya shanya, ya zauna kusa da igiyar shina gadi.

Wasan ƙarshe da masu masaukinmu ne, ranar Asabar, fili cike, manyan gari na zaune a rumfa. Mun yi abin da za mu iya. Golanmu ya tare fenariti, mun buga ƙarfen raga sau biyu, amma sunka ci mu ɗaya mai ban haushi ana dab da tashi. Ban ji ciwo sosai ba, don na biyu a ƙasar waje ba abin kunya ba ne. Ina tafawa ina murmushi, sai na ga kyaftin ɗinsu ya nufi Bashiru, ya tuɓe rigarsa ya miƙa mishi da hannu biyu.

Ashe al'adarsu ce a wasan ƙarshe, a yi musayar riga. Su ba ta dame su ba, suna da wasu a kwali. Bashiru ya waiwayo ya kalle ni, na girgiza kai har wuyana ya yi ƙara. Amma mai lasifika ya riga ya fara yabon zumuncin Gobir ta nan da Gobir ta can, manyan gari sun miƙe suna tafi, saurayin nan kuma na tsaye ba riga hannunsa a miƙe. Bashiru ya tuɓe tasa ya ba shi. Sauran goman sunka bi sahu. Ina tsaye ina kallo, injin markaɗen matan Gatawa ya watse cikin taro a jikin mutum goma sha ɗaya.

A ɗakin kwana na rufe Bashiru da faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Koci, cewa ya yi rigar yake so tun ranar farko, za shi sa ta har kasuwa. Rigar innata ce mutum ya roƙa a gaban jama'a. Ƙaƙa za ni hana shi?"

Na tafi wurin Mushe Isufu, na ajiye kunya gefe, na gaya mishi sharaɗin Gwaggo. Ya ce in na matsa zai bi su gida-gida, amma yawancinsu sun riga sun watse unguwanni, wasu ma ƙauye za su, kuma karɓe kyautar da anka yi gaban manya zai zama abin magana tsakanin makarantun biyu. Ya ce, "Malam Sanusi, kamfaninmu murna yake in rigarsa ta tafi wani gari. Rigar da ke cikin akwati wa take yi wa talla?" Na ce kamfaninsu bai san Gwaggo Tumba ba. Layina ba ya aiki a can, sai na ari wayarsa in kira ta in fara rage zafi tun daga nesa. Kira na farko anka ɗauka, shiru, ina "Gwaggo, Gwaggo" sai anka kashe. Na biyu da na uku wayar a rufe. Na ce matsalar sabis ce irin tamu.

Dawowa ba ta yi daɗin zuwa ba. Ɗalibai na baya suna waƙa da ƙaramin kofinsu, sanye da shuɗɗan rigunan Maraɗi, ni ina gaba da buhu mai riguna bakwai, ina haɗa jawabi ina rushewa. Ko da Hajiya ta sake kafewa a rafin nan ban sauka ba. Jandarman nan na iyaka ya leƙo ya ce, "Bagobiri, mutanenka ba su ɗaukar waya," ban ma saurare shi da kyau ba, na ɗaga mishi hannu kawai.

Mun iso Sabon Birni da azahar ranar Lahadi. Na ce Bashiru ya biyo ni, tunda tare munka yi ɓarnar. Tun daga bakin lungu na ji wani abu ba daidai ba, babu ƙamshin tuya. Ƙofar gidan a rufe da rana tsaka. Sai da na faɗi sunana sau biyu anka buɗe. Murhu a kashe, jarkokin mai babu ko ɗaya a tsakar gida, mata na zaune jugum. Gwaggo ta rame a ido kamar ta yi jinya. Na ce shi ke nan, labari ya riga ni.

Na durƙusa na ajiye buhun, na fara, "Gwaggo, riguna goma sha ɗaya..."

Ta ce, "Bar zancen riga, Sanusi. An samu lambata."

Ta ce tun yammacin ranar da munka tafi wani namiji ya kira da lambar ƙetare, Hausarsa ba irin tamu ba, shina tambayar ina gidan yake, buhu nawa suke da shi. Ta kashe. Washegari wasu sunka kira, maza da mata, duka lambar ƙetare, duka tambaya ɗaya, ina kuke, nawa gare ku. Ranar Asabar abin ya yi yawa, har wani ya kira shina ce mata Gwaggo, wato sun san har danginta. Sai sunka kwashe man sunka rarraba gidajen maƙwabta, sunka daina tuya kada hayaƙi ya nuna gidan, ita kuma ta kashe wayar ta tura ta cikin tukunyar gero. Kwana huɗu ba wadda ta yi barcin kirki.

Dariya ta taso mini, kunya ta danne ta. Ni na sa lambar nan a ƙirjin mutane, ni na ce mata ado ne, kuma ban taɓa zama na gaya mata cewa in abin ya yi kyau baƙi za su kira ba. Na ce, "Gwaggo, mai ce miki Gwaggo ni ne, da wayar aro. Na farkon kuma jandarma ne, matarsa ke son sari." Ba ta yarda ba. Na tura hannu cikin geron na lalubo wayar, na hure ta, na kunna. Ba ta yi minti biyu ba ta ɗauki ƙara, lambar ƙetare. Matan sunka ja da baya. Na buɗe muryar yadda kowa zai ji.

Mace ce, ta yi sallama, ta ce daga babbar kasuwar Maraɗi take. Ɗanta ya dawo gida jiya da wata riga ruwan ɗorawa da ƙuli a aljihu, ta ɗanɗana, kuma tun jiya take neman lambar nan. Tana son a riƙa aiko mata duk mako, da man ma in akwai.

Na miƙa wa Gwaggo wayar. Ta kalle ta, ta kalle ni. Tun shekarar da anka ɗauke ƙanenta ba ta yi magana da baƙuwar lamba ba da son ranta. Ta karɓa ta ce, "Wa alaikumus salam," da wata 'yar murya da ban san ta da ita ba. Matar ta faɗi farashin da take so. Nan take muryar Gwaggo ta dawo, ta ce, "A'a Hajiya, albarka. Wannan ƙulin Gatawa ne, ba a yi mishi wanga tayi." Sunka yi ta ja har sunka daidaita. Inna Hajo na share ido da bakin zane, ɗaya hannun na riƙe da shuɗiyar rigar da ke jikin ɗanta. Wata ta tashi ba wanda ya ce mata komi, ta fara haɗa wuta a murhu.

Da ta gama, Gwaggo ta soke wayar a ƙugunta, ta jawo buhun ta zazzage. Ta lashi yatsa ta ƙirga, ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Na sunkuyar da kai ina jiran hukuncina.

Ta tattara su ta turo mini gabana da ƙafa.

Ta ce, "To su waɗannan, mi sunka dawo yi?"